Gwangwanin Malama Irene

Ina cikin takabar maigidana kwanaki suka ruɗe mini. Ban san Talata ba, ban san Laraba ba, lokutan sallah kawai nake ganewa. Malama Irene ta shigo wata yamma, ta tuɓe takalmi a bakin ɗaki, ta yi mini gaisuwa yadda muke yi, sannan ta ajiye farar takarda da fensir a kan tabarma.

"Yaya Asta, kullum kika idar da sallar asuba ki ja layi ɗaya. In sun kai huɗu, na biyar ki gitta shi a kansu. Kwana ba zai sake ɓace miki ba."

Da takardar nan na fita takaba. Har yau tana cikin akwatina.

'Yar Filato ce, Kirista, an turo ta garinmu Durun koyar da lissafi a firamare tun kafin in aurar da 'yata ta fari. Gajeriya ce, ga tari da ba ya rabuwa da ita, kuma ita kaɗai take zaune a ɗakin haya bayan makaranta. Bayan la'asar takan tara mu matan aure ta koya mana ƙidaya da 'ya'yan tsamiya. Wata rana ta rarraba wa mutum biyar cikinmu, wata da yawa, wata kaɗan, ta sa muka haɗe su muka raba daidai.

"Wannan shi ake kira matsakaici," in ji ta. "Amma ku lura, ba wadda ta zo da shi a hannunta."

A tsakar gidanta akwai turmi a kife, da gwangwanin madara a kansa wanda ta yanke wa baki. Duk ranar da aka yi ruwa sai ta tsoma rula a ciki, ta rubuta kwanan wata da zurfin ruwan a wani littafi. Shekara goma sha bakwai tana haka. Dattawa sukan tsokane ta.

"Malama, ruwan Allah kike awo kamar mai sayar da manja?"

"Ba sayarwa zan yi ba, Baba. Halinsa nake son sani."

Shekara huɗu da suka wuce, ruwa mai ƙarfi ya sauka a tsakiyar watan Mayu. Maƙwabcina Alhaji Maikuɗi, wanda fari ya ƙone wa iri a daminar baya, ya zo ƙofarta yana tambaya ko ruwan shuka ne. Ina wurin, ina taya ta ɓarar gyaɗa. Ta buɗe littafi ta ƙirga da yatsa.

"Cikin shekara sha bakwai, sau sha biyu fari ne ya biyo bayan ruwan farko."

"To, a jira ke nan?"

"Abin da aka yi na gaya maka, Alhaji. Na gaba Allah ne Ya sani."

Rabin maganar ya kai majalisa. Kafin magariba gari ya ɗauka cewa Malama ta duba littafi ta ce kada a shuka. Gidaje da yawa suka riƙe irinsu. Ruwa kuwa bai tsaya ba. Kafin su gane su shuka, dawar waɗanda ba su jira ba ta yi nisa. Sai damina ta ɗauke da wuri, dawar masu jira ta bushe ba ta yi ido ba.

Maikuɗi ya dawo ƙofarta riƙe da zangarniya ba ƙwaya ko ɗaya.

"Ga aikin littafinki, Malama. Ki auna wannan ma."

"Alhaji, sha biyu na ce cikin sha bakwai. Sauran biyar fa?"

"Wa ya ji wasu biyar? Ke kika ce a jira!"

Daga nan aka fara cewa duba take yi. Maza suka hana matansu zuwa aji, daga mu ashirin sai ni kaɗai, da yake ba ni da mai hana ni. A hanya sai ta yi gaisuwa a ƙi amsawa. Ni na ji abin da ta faɗa da kunnena, na kuma san ƙidaya ce ba duba ba, amma ban buɗe baki a gaban kowa ba. Wannan shirun yana zuwa mini har a kan sallaya.

Da kaka ta nemi a mayar da ita gida. Ba wanda ya raka ta bakin titi sai ni. Bara labari ya zo cewa tarin nan ya yi ajalinta. Allah Shi ne masanin kowa.

Da safen da za ta tafi ta shigo mini da gwangwani da rula da littafi a cikin leda. Ta rame har zaninta yana zamewa.

"Na rubuta ta bana ma, Yaya Asta. Yanzu sha biyu ne cikin sha takwas. Don Allah, in an yi ruwa ki auna ki rubuta, ko ba wanda ya kula. In kuma wani ya zo ya tambaye ki, ki fara gaya masa shidan da ba a yi fari ba, ki ɗaga murya."