Ɗanyar Fata a Kan Madubin Bindiga

Daminar da gyado ya addabi gonar masarar yayana a gefen dajin Falgore, ni ke riƙe da bindigar gidanmu, mai lasisi, wadda aka ɗora wa madubin saiti. Duk Juma'a bayan la'asar nakan jingina tsohon faifai a jikin suri, in ja baya taku ɗari, in kwanta in yi harbi uku. Inda harsashi ya faɗa sai in rubuta da ajami a 'yar takarda, in murza madubin dama ko hagu gwargwadon haka. Jijjigar babur a hanyar daji ba ta barin saiti ya zauna.

Na tafi ta'aziyya Kiru na kwana biyu. Da na dawo, na tarar Yaya ya samo ɗanyar fatar saniya wajen makiyaya, ya yanka ta siri-siri, ya naɗe madubin da jikin bindigar tam, yadda mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, ke ɗaure bindigar toka idan ƙotarta ta tsage.

"Yanzu sai dai babur ya karye, madubin nan ba ya motsi," in ji shi.

Na ce, "Yaya, an gwada ta kuwa?"

"Gwajin me, Malam? Da hannuna fa na ɗaure. Kai faifai ka kashe ya fi goma, ko ɗaya ba mu ci namansa ba."

Na yi dariya na bar maganar, babba ne. Kwana uku bayan haka, da sassafe, gyado biyu suka shigo ta ƙasan gona. Na saita kafaɗar babban, na yi bisimilla, na harba. Ƙasa ce ta tashi can hagu da shi, wajen kamu biyu. Suka ɗaga wutsiya suka shige daji, washegari suka dawo suka kwantar da kunya shida. Masarar ta riga ta yi goyo, ita ce kuma abincin gidan Yaya na shekara.

Na san fatar ce: da ta bushe ta tsuke, ta janye madubin gefe. Amma bakina ba zai iya gaya masa ba. Sai na jingina faifai, na miƙa masa bindigar na ce idona ne nake zargi, ya taimaka ya gwada. Ya harba uku, duka suka faɗa hagu, wuri ɗaya. Ya daɗe yana duban fatar, yana danna ta da farce, ta yi tauri kamar ƙaho. Can ya ce a miƙo masa buta.

Shi ya jiƙa ta ya warware da kansa, ni na sake saiti kafin magariba. A makon muka kayar da babban gyadon, sauran suka sauya hanya. Masarar ƙasan gonar dai ta tafi, amma abin da ya rage ya cika rumbu, ya kai iyalinsa har wata kaka. Alhamdulillahi.