Saƙon muryar da na tura a kan hannun jarin Baba

Yau shekara uku da rasuwar mahaifina, Malam Garba mai hatsi, kuma har yanzu in na ji an kunna saƙon murya kusa da ni sai gabana ya faɗi. Da hantsi abin ya fara. Ina tsakar gida ina wanke shinkafa na jiyo muryata tana fitowa daga zaure, a wayar lauyan kamfani. Baba na zaune yana sauraro har saƙon ya ƙare.

A lokacin, kamfanin niƙan hatsi da suka kafa shi da abokansa yana sayar wa jama'a hannun jari. Ƙa'idar ita ce, muddin ana cikin sayarwar, duk maganar da za ta fito daga ɓangaren kamfani zuwa ga masu saye sai an rubuta ta, lauya ya duba, an kai wa hukuma. Mutumin da ya tsufa yana ciniki da baki, sai ga shi ko ƙaninsa ne ya tare shi a ƙofar masallaci, amsar ɗaya ce: "Je ka karanta takarda."

Yaya Hadiza ke karanta masa takardun, don ita ta yi jami'a, ni a sakandare na tsaya. Su biyu a zaure tun safe, ni nawa in kai shayi in kwashe kofuna. Ina ji yana ce mata "Madalla, Barista," alhali ba lauya ta karanta ba. Wallahi har ƙarar buɗa takardar haushi take ba ni.

Shi ya sa ranar sunan 'yar gwaggona na tura murya a zauren hirar matan dangi na waya, na ce su sayi hannun jarin, kafin shekara kuɗinsu zai ninka. Babu wanda ya gaya mini haka. So nake a ce ni ma na kawo mutane. Cikin kwana biyu saƙon ya zaga Birni ya kai Gyallesu.

"Malam, wannan alkawarin riba ne, kuma daga gidanka ya fito," in ji lauyan. "Za a iya tsayar da sayarwar, za a iya kiran yarinyar."

Maganar da ba ta kai minti ɗaya ba ta ci mana wata biyu. Aka rubuta ta kalma-kalma, aka fassara, aka ce duk wadda ta ji sai an kai mata takardar gyara ta sa hannu. Baba ya ce shi zai raka ni. Lungu-lungu muka bi, shi ya tsaya a zaure yana maida numfashi, ni in shiga cikin gida da takarda da tawadar dangwale. Wata tsohuwa ta kwance bakin zaninta ta ce, "Ke ce mai ninka kuɗi? Zo ki fara da ɗari biyun nan." Da na gaya masa ya yi dariya har da tari, ya ce, "Uwani, ashe talla kika iya na bar ki da kofuna."

Ya rasu bai ga amsar hukuma ba. Yau kamfanin na nan, Yaya na ofis, takardun sun koma kwamfuta amma ba su ragu ba. Da yana raye na san zai yi ƙorafi, sannan ya cike su ɗaya bayan ɗaya, don bai yarda a sayar wa mutum abu da zaƙin baki ba. Mutane na cewa Yaya ta gaji kansa. Ni abin da na samu tafiyar nan ce ta wata biyu, kuma da laifi na same ta.

Kwana arba'in da wani abu bayan rasuwarsa, ana idar da la'asar, Yaya ta shigo ɗakina da wasiƙa.

"Sun karɓi gyaran. Ba za a kira ki ba."

Na zauna a bakin gado, ta ci gaba.

"Baba ya rubuta musu cewa laifinsa ne, bai gaya wa iyalinsa ƙa'idar ba. Ni na buga masa takardar. Sau huɗu yana canza kalmomin don kada sunanki ya fito da muni."

Na yi hamdala, na yi kuka. Amma ko a wannan lokacin abin da ke cin raina shi ne, maganar da ya yi a kaina ma ita ya gaya wa.