Shafin da Yaya Ya Bari a Buɗe

Baba direban bas ne har ya yi ritaya, kuma abokan aikinsa sun san shi da abu ɗaya: ba ya wuce wanda ya ɗaga masa hannu a hanya. Da wannan halin ya zo wa kwamfuta. Duk akwatin da ya ɓullo a allo yana neman izini, sai ya danna masa.

Kwamfutar ta Yaya ce. Ranar da zai tafi neman aiki ƙetaren teku ya bar shafinsa na saƙonni a buɗe, ya ce duk inda ya samu aron waya zai rubuto a nan, Baba ya karanta. Ya yi ta rubutowa har ranar da shi da abokan tafiyarsa suka hau jirgin ruwa. Daga nan shiru. Ni har yanzu in waya ta yi ƙara sai in yi wuf in duba ko shi ne. Baba kuwa kowace safiya zai goge tabarau, ya zauna gaban teburin da ke jikin taga, ya duba.

Wata safiya burauza, wato manhajar shiga intanet, ta ƙi buɗe komai, alhali intanet na nan lafiya a wayata.

"Auta, zo ka ga abin nan ya yi yaji," in ji Baba.

Na duba, na ga bairos ne, cutar kwamfuta. Ya shigo cikin wata manhaja mai alkawarin ƙara sauri, ya karkatar da hanyar burauzar zuwa wani wuri da ba ya amsawa.

"Baba, wa ya ce ka karɓi wannan?"

"Shi ya yi sallama. In kore shi?"

"Ai ka ɗauko ɗan fashi a mota," in ji Inna daga bakin ƙofa.

Gyara mafi sauƙi shi ne a wanke burauzar tas. Amma in aka wanke, shafin Yaya zai rufe, kuma babu wanda ya san kalmar sirrinsa. Na faɗa musu. Inna ta koma ciki.

"To kar ka wanke," Baba ya ce a hankali. "Bi shi sannu."

Na cire manhajar. Na shiga saiti na mayar da hanyar yadda take, na tsince ƙananan abubuwan da ta liƙa wa burauzar ɗaya bayan ɗaya. Da kwamfutar ta nemi a kashe a kunna, na daɗe ban danna ba. Sai da Baba ya dafa kafaɗata sannan na danna.

Ta kunnu. Shafin ya yi ta juyawa, sannan hoton Yaya ya fito, da rigarsa mai gajeren hannu, yana dariya. Babu sabon saƙo.

Baba ya matso da kujera har gwiwarsa ta taɓa teburin.

"Tashi ka ba ni wuri," ya ce. "Wataƙila can gari bai waye ba."