Basilla a Hannun Yaya

A gidanmu na Shahuci dukanci gado ne. Baba yana da rumfa a Kasuwar Kurmi, inda yake ɗinka jakunkuna da tumtum da kuben wuƙa, kamar yadda ya taras mahaifinsa yana yi. Mu biyu ne 'ya'yansa da suka rayu, yayana namiji, sai ni.

Yaya tun yana ƙarami hankalinsa yana wajen dabbobi. In akuyar maƙwabta ta karye, soronmu ake kawo ta. Ya tsaga kara, ya ɗaure ƙafar da tsumma, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa har ta daina kuka. Ni kuwa fata ce ta ɗauke mini hankali. Guntayen da Baba ke dawowa da su nake tattarawa, in ya tafi masallaci in ɗauki basillarsa in ɗinka 'yan jakunkuna. Wata rana ya ga ɗaya, ya juya ta, ya daɗe yana duban ɗinkin, ya ce, "Da ma ke ce namijin." Ya ajiye ta, bai ƙara ba.

Da Yaya ya gama sakandare, ya sami gurbi a wata makarantar koyon lafiyar dabbobi a wajen gari. A shekarar ne kuma yanar ido ta fara rufe wa Baba gani. Baba ya kira Yaya soro bayan la'asar, ina jin su daga tsakar gida.

"Ka ga idona," in ji Baba. "Zare ma sai an zura mini. In ka tafi, wa zai zauna rumfa?"

"Baba, hannuna bai faɗa da ɗinkin nan ba. Ga ƙanwata, ta fi ni nesa ba kusa ba."

"Mace a rumfar dukawa? Me za a ce da ni? Ita karatun malanta za ta yi, ya fi mata mutunci."

Yaya ya ce, "To, Baba. Allah ya sa haka ne mafi alheri."

Na zama malamar firamare. Ba na ƙin yaran, amma tun kafin ƙarfe tara idona yake kan agogo. Yaya ya zauna rumfa. Ba rago ba ne, shi ke fara buɗewa a layinsu. Sai dai ɗinkinsa a karkace yake fita, yatsunsa duk sukan basilla. Tsofaffin masu sayen kayan Baba suka koma zuwa gaisuwa kawai, su sa masa albarka, su wuce rumfar gaba. Bayan rasuwar Baba ya shiga sarin takalman roba, yana rataye su inda a da ake jera tumtum.

Lokacin na yi aure wajen Ƙofar Dawanau. Na ce masa ya riƙa aiko mini da fata, in ɗinka a gida Asabar da Lahadi, shi ya sayar. Kasuwa ta ɗan farfaɗo. Da ya ga haka, sai ya je makarantar nan ta lafiyar dabbobi, ya shiga wani gajeren kwas, gemunsa da furfura, yana zama cikin sa'annin ɗansa. Ranar da ya fara yi wa saniya allura, gidana ya zo kai tsaye yana ba ni labari, har abincinsa ya huce. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawo haka ba.

Amma duk ranar da yake aji, rumfa a kulle take, ga iyali suna jiran cefane. Ni ban isa in bar ɗalibaina ba. Kafin zangon ya ƙare ya daina zuwa, kuma bai gaya mini ba, a bakin matarsa na ji.

Na same shi a Kurmi. Na ce, "Yaya, ka koma mana, ko rabin yini ne. A nemi wanda zai riƙe maka wurin."

"Bar shi kawai," ya ce, bai dube ni ba. "Kowa da rabonsa."

Wata mata ta tsaya tana neman takalmin da zai yi wa 'yarta. Ya miƙe ya shiga zaro mata kala-kala. Na jira ya dawo kan maganar, bai dawo ba. Da aka kira azahar na yi masa sallama na tafi, don akwai takardun jarrabawa da ban gama dubawa ba.