Zub Ba Zubewa Ba Ne

Shekara talatin da takwas ke nan da rasuwar yayana Sabo, ɗan Fagam na farko da ya karanto likitancin haƙori. Rasha gwamnati ta tura shi, ya dawo bayan yaƙin basasa, lokacin da kuɗin mai suka fara shigowa, ya zauna Birnin Kudu yana duba bakin mutane.

Yaya mutum ne mai son kalmomi. Da Rashanci haƙori sunansa zub, kuma in ya sa maras lafiya ya buɗe baki sai ya riƙa faɗin kalmar don ya ba shi dariya. Ya taɓa gaya mini cewa maƙwabtan Rasha da yawa haka suke kiran haƙori, wasu da ɗan sauti ta hanci, kuma asalin kalmar a tsohon harshen kakanninsu turke take nufi, abin da aka kafa ya kafu.

Alhaji Tanko mai kemis, wanda cinikin maganin ciwon haƙorinsa ya ja baya, shi ya juya kalmar. Ya shiga kasuwar Gwaram yana cewa, "Ku kula da bakinku. In ya ce zub, haƙora zubewa za su yi, ya tara ya aika wa kafirai." Mutanenmu kuwa Hausa suke ji, sai suka ji zub da haƙori. Aka daina zuwa. Har a masallaci ana matsawa daga sahunsa. Baƙin ciki ya kwantar da shi, ya rasu bai kai shekara arba'in ba, ni na yi jinyarsa.

Da zai ga yau, na san dariya zai yi, don jikan Tanko ma can ƙasashen ya yi karatu. Yaya mai yafiya ne. Ni ba haka aka yi ni ba.

Makon jiya ɗan Tanko ya yi sallama ƙofata. "Hajiya, Baba jiki ya yi nauyi, ya ce a nema masa gafararki."

Na ce, "A ɗaki ya yi ƙaryar?"

Ya sunkuyar da kai.

Abin da ya rage na Yaya sunansa ne, kuma har yau akwai tsofaffi a Maruta da ke tofar da yawu in an ambace shi. Na ce masa to a ɗauko Tanko a keken guragu ranar kasuwa, ya ƙaryata kansa da bakinsa mutane suna ji. In ya riga ranar kasuwa tafiya, ya je ya tarar da Yaya, ni dai ban yafe ba.