Riga ta Goma

Har yanzu in aka ƙwanƙwasa ƙofa sau uku a jere, sai na yi maza na ajiye abin da ke hannuna, don na san zai faɗi.

Shekarata ashirin a lokacin, a ƙarshen shekarun casa'in. Ban jima da gama sakandare ba Kawu ya aika aka kawo ni Guangzhou in taya matarsa rainon yara, shi kuma yana fama da sayen kaya da lodinsu zuwa gida. Muna zaune a unguwar Dengfeng, a hawa na biyar na wani bene. Mu Kirista ne, kuma a cikin Hausawan unguwar ba mu da yawa. Ranar Lahadi mukan yi sujada a wani ɗakin taro na haya kusa da titin Huanshi Lu, tare da baƙi 'yan ƙasashe daban-daban. A bakin ƙofa kowa sai ya nuna fasfo. Na ɗauka tsari ne kawai irin na ƙasar waje. Ban taɓa tambayar dalili ba.

Da dogon hutu ya zo, Fasto ya sanar cewa za a kai yara sansani na kwana huɗu a bayan gari, a yi musu koyarwa da waƙoƙi da wasanni. Yaranmu masu jin Hausa tara ne, daga mai shekara bakwai zuwa mai sha shida. Da aka ji na taɓa koyarwa a makarantar Lahadi a gida, sai aka ce ni zan shirya su. Ran nan da ƙyar na ci abinci saboda murna. Wata bakwai ina ƙasar ba abin da na iya sai wanke-wanke da goyo, yau ga abin da na sani ciki da waje.

Yadda aka shirya ni a gida, haka na shirya su. Kowa da bokitinsa da kofi da kwano, na rubuta sunan kowa a jiki da jan farce. Matar Kawu, wadda nake kira Mama, ta yi ta dariya.

“Ke, wurin da za su fa akwai ruwan famfo har da na zafi. Bokitin me?”

“Mama, sansani ba bokiti ai ba sansani ba ne.”

“To, Allah ya ba da sa'a, Malama.”

Kullum da la'asar suna taruwa a falonmu, mu yi haddar ayoyi, in sa musu kaset mu bi waƙa muna tafi. Manyan suna hura hanci wai sun girma, ƙananan suna faɗa a kan wanda zai zauna gaban fanka.

Akwai kuma ta goma. A hawa na huɗu take, ita da mahaifiyarta. Shekarunta sha biyu. Mahaifinta ɗan garinmu ne, aminin Kawu, ya zo karatu tun da daɗewa ya auri 'yar ƙasar, ya rasu tana da shekara takwas. Uwar tana koyarwa a wata makarantar gwamnati. Yarinyar ba ta zuwa sujada tare da mu, ni kuma na ɗauka uwar ce ba ta so. Amma kullum tana gidanmu, don a nan kaɗai take jin harshen ubanta. Hausarta a karye take, sai dai in ta ce “sannu da aiki” sai ka rantse a bakin wani dattijon garinmu ta ɗauko.

Da farko daga bakin ƙofa take sauraronmu. Rana ta uku wani ya kakare a ayarsa, sai muka ji ta ƙarasa masa. Kafin mako ya ƙare ta fi kowa hadda.

“Anti, ni ma akwai bokitina?”

Ko numfashi ban ja ba na ce, “Akwai mana. Ke ma za ki.”

Da suka watse Mama ta ce, “Kin tambayi Fasto kuwa? Takardunta fa na nan ƙasar ne.”

“Haba Mama, yarinya ce. Wa ke tambayar yaro takarda?”

Ta ce to a bari Kawu ya dawo. Ya tafi wani gari duba masana'anta, ba waya a inda yake. Ni kuwa a raina maganar ta ƙare. A gida ba a taɓa mayar da yaro daga bakin motar sansani ba, ko ɗan waye. Uwar ma na sa yarinyar ta gaya mata, ta gyaɗa kai tana murmushi. Daga baya na gane abin da yarinyar ta faɗa mata shi ne za ta fita yawo da 'ya'yan Kawu.

Sai maganar anko. A wurinmu ba a zuwa sansani da kaya barkatai. Na je kasuwar Sanyuanli wurin wani mai buga riguna, da nuni da zane a takarda muka fahimci juna. Na ce shuɗi, ya ce “meyo”, babu ke nan, sai ruwan ɗorawa. Ya buga mini guda goma, kowace da babban gicciye a baya.

A garinmu kuma akwai abin da ake yi kafin tafiya: yara su sa ankonsu, a bi gidajen dattawan coci a yi musu sallama, su sa albarka, wani ya ba da gyaɗa, wata ta ba da sabulu. Ranar Asabar da yamma na jera su biyu-biyu, muka sauka titi. Ban bari sun yi waƙa ba sai a hankali, a ganina na yi hankali ke nan. Yarinyar ce a gaba, ta ɗaga kai, rigar ta yi mata yawa.

'Yan kasuwar Kano da ke zaune gaban shagon waya suka fara tsiya.

“Malama, ina aka nufa da wannan runduna?”

“A'a, ƙungiyar ƙwallo Kawunki ya buɗe bai gaya mana ba?”

Muka yi dariya. Amma wani Alhaji, abokin cinikin Kawu, bai yi ba. Ya taso ya matso kusa da ni, ya rage murya.

“'Yata, mayar da su gida su tuɓe rigunan nan. Nan ba gida ba ne. Musamman waccan ta gaban.”

Ina jin kunyar rubuta wannan, amma na ɗauka gicciyen ne ya tsone masa ido. Na ce, “To Baba, mun gode,” na wuce da yarana.

A kwanar layin akwai wata tsohuwa da ke zama kan kujera da jan ƙyalle ɗaure a damtse, irin masu sa ido kan unguwa. Ta san yarinyar tun tana jaririya. Ta kira ta, ta taɓa bayan rigar, ta yi mata tambayoyi da yarensu. Yarinyar tana amsawa da fara'a, tana nuna ni.

“Me ta ce?”

“Ta ce wa ke koya mini. Na ce Antina.”

Ranar Litinin da hantsi ina dama wa ƙaramin ɗan Kawu kunu aka ƙwanƙwasa ƙofa sau uku. Maza biyu ne daga hukuma, tare da tsohuwar. Ba su yi tsawa ba, ba su taɓa kowa ba. Ɗaya ma har ya shafa kan ƙaramin. Suka karɓi fasfo ɗina da na Mama, suka zauna, ɗayan ya buɗe littafi. Yana jin Turanci kaɗan-kaɗan. Yara nawa? Wa ya ba ni izini? Tun yaushe nake koya wa 'yar ƙasa addini? Ina za a kai ta? Na sani cewa baƙi an bar su su yi ibadarsu tsakaninsu, amma ba da 'yan ƙasa ba, balle yara?

Ban sani ba. Na faɗa, na sake faɗa. A lokacin na tuna fasfon bakin ƙofar sujada. Ga bokitai goma jere a bango, kowanne da suna da jan farce, mutumin yana bi yana kwafewa. Mama ta tsaya jikin ƙofar kicin ta rungume ɗanta, leɓɓanta suna motsi.

Sai aka kira uwar yarinyar daga wurin aiki, don su malamai ba su kai ga shiga hutu ba. Ta shigo da jakarta a kafaɗa, gumi ya jiƙa mata riga, yarinyar na bayanta. Suka daɗe suna yi mata magana, tana sunkuyar da kai tana amsawa da kalma ɗaya-ɗaya. Ban gane ko ɗaya ba. Aka miƙo mini takarda da rubutunsu, aka nuna mini inda zan sa hannu. Na dubi Mama, Mama ta dubi ƙasa. Na sa. Har yau ban san abin da na yarda da shi ba.

Suka mayar mana da fasfo suka tafi. Uwar ta sauka, ta dawo da rigar a ninke, ta miƙo mini da hannu biyu. Da ma ta zage ni.

Kawu ya dawo washegari. Bai yi mini faɗa ba, ya dai zauna ya riƙe kai. Ashe Alhajin nan ne ya yi ta neman hanyar aika masa saƙo tun ranar Asabar. Muka je wurin Fasto. Na durƙusa, abin da ba a yi a can.

“Baba, ko a ɓoye? Ta haddace komai. Na yi mata alkawari.”

“'Yata, tashi. In ta hau motar nan, ba ita kaɗai ba, duk yaran za su rasa, mu ma a rufe mana ɗakin sujada. Uwarta kuma aikinta fa? Da kin tambaye ni tun farko.”

“To me zan ce mata?”

Sai ya miƙe ya rako mu bakin ƙofa.

Ranar tafiya da safe yara tara suka sauko da kayan gida, rigunan ankon an cusa su a ƙasan jaka. Ba waƙa, ba layi. Ni ma an ce kada in bi su. Ina saukowa da bokitin ƙaramarsu na same ta zaune a matakalar hawa na huɗu, ta yi wanka, ta ɗaure gashi, ta sa takalmi.

“Anti, kin ce zan je.”

“Na ce.”

“To?”

Na tsaya da bokiti a hannu. Na nemi magana a Hausa, na nema a Turanci, babu. Daga ƙasa direba yana ta danna ham. Ta jira ni, ta daɗe tana jira, tana kallon bakina. Sai uwarta ta kira ta daga ciki, ta miƙe ta shiga, aka rufe ƙofa a hankali.

Ba ta ƙara hawowa gidanmu ba. In mun haɗu a matakala takan raɓe jikin bango ta gaishe ni da yarensu, gaisuwar da ake yi wa kowane baƙo, ta wuce. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na ce mata, “Sannu da dawowa.” Bakinta ya motsa kamar za ta amsa, sai ta waiga ta dubi ƙofarsu.

Bokitinta yana barandarmu, Mama na jiƙa tsumma a ciki. Na gwada goge sunan da kananzir, rabinsa ya fita.