Barde, Karen da Inna Ta Ƙi

Ranar Asabar ce, ashirin da tara ga Mayun 1999, ranar da soja suka miƙa mulki ga farar hula. Maƙwabta sun cika falonmu a Gyaɗi-Gyaɗi suna kallon rantsuwa a talabijin, sai wata a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Na leƙa, na hango wani baƙin abu tsaye a bayanta, na ruga na ce wa Baba an kawo mana maraƙi. Ashe kare ne, irin manyan nan na Turawa. Mai shi Injiniya ne, abokin aikin Baba, Kirista ɗan kudu, wanda aka mayar Abuja, aka ba shi ɗaki a saman bene. Ya riƙe hannun Baba, idonsa ya yi ja, ya ce, "Alhaji, amana na kawo maka."

Kakata Inna ta ce ita ba za ta zauna gida ɗaya da najasa ba. Da ƙyar Baba ya shawo kanta da zancen tsaron gida, bisa sharaɗin kada karen ya taɓa ƙetare ƙofar tsakar gida. Aka yi masa rumfa a haraba, gindin darbejiya, aka ware masa kwanukansa. Sunan da ya zo da shi ya gagari bakinmu, muka sa masa Barde.

Ina aji huɗu a lokacin, kansa yana kai mini ƙirji, amma ban taɓa ganin halitta mai sanyin hali kamarsa ba. 'Yan tsakin Inna har bayansa suke hawa yana kwance, iyaka ya ɗaga kunne. In yana son mutum, jingina yake yi da shi da duk nauyinsa har ya kusa kayar da shi. Da an yi tsawa kuwa, sai ya cusa kai ƙarƙashin motar Baba, sauran jikin duk a waje. Hidimarsa a kaina take. Kafin in tafi makaranta nakan zuba masa tuwon masara da romon ƙashin da Baba ke karɓowa wajen mahauta, kuma ba a barinsa ya yi gudu bayan ya ci, don irinsu cikinsu kan murɗe. Da bazara sai in jiƙa buhu in shimfiɗa masa, ran Lahadi in zauna ina cire masa kaska a kunne da tsakanin yatsu. Bayan la'asar Baba kan zaga da shi har wajen Darmanawa, 'yan acaɓa suna rage gudu suna kallo. Inna dai ko kallonsa ba ta yi, in za ta wuce sai ta tattare zaninta.

Wata Juma'a, maza sun tafi masallaci, mu da Umma muna gidan suna a Tarauni, santsi ya kwashe Inna a bakin famfo, ƙugunta ya goce. Ta yi ta kira, babu mai ji. Barde ya tsinke igiyarsa ya zo bakin ƙofar da aka hana shi, ya tsaya yana kallonta, bai shiga ba. Ya juya ya dafe ƙofar waje yana wani irin haushi da unguwar ba ta taɓa jin irinsa ba, har matar telan da ke kusa da mu ta turo ƙofa. Ya wuce gabanta, ya kai ta inda iyakarsa take, ya zauna.

Da Inna ta dawo daga asibiti, kullum da safe takan miƙo mini ƙanzo a kwano ta ce, "Kai wa wancan bawan Allah." Har ya mutu ba ta taɓa shi ba. Irinsu ba sa daɗewa; ina sakandare ƙafafunsa na baya suka gaza, ya daina tashi. Ita ce ta ce kada a yar da shi a bola, a haƙa masa rami.

Yanzu harabar ta zama shaguna, katangun unguwar sun yi tsawo, karnukan da ke bayansu sai dai ka ji haushinsu, ba ka san kamarsu ba. Wani halin kirkin, a wajen dabba na fara ganinsa.